Gargaɗi ga masu ƙawata bes ɗin ƙananan sojoji: ku kiyayi wannan mai "haɗa oda"

Jama'a assalamu alaikum. Ƴan uwa da ke harkar fentin ƙananan sojojin wasan yaƙi na kan tebur, Warhammer 40,000 da makamantansa, musamman mu da ke nan Ingila da waɗanda ke bada saƙo a kai musu gida, don Allah ku tsaya ku karanta kafin ku turawa wani kuɗi da sunan kayan bes. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da Instagram yana canja suna da hoton furofayil, yana tallar ciyawar roba da fentin laka da bes-bes na rezin (wata irin roba da ake zubawa tana ruwa-ruwa ta daskare) a rabin kuɗi, kuma wallahi ya cuci mutanenmu, har da wani ƙanena ɗalibi da ya daɗe yana tsimi daga kuɗin abincinsa don ya gama rundunarsa.

Ga wanda bai sani ba, bes shine ɗan faifan nan da sojan ke tsaye a kai, akwai 25mm, 32mm, 40mm zuwa sama, shi ake ƙawatawa da yashi da duwatsu da ciyawa ko dusar ƙanƙara don sojan ya zama kamar yana filin daga. Kayan ƙanana ne, kuɗinsu ba ya da yawa idan ɗaya ɗaya ne, to anan ne fa mutumin ya samu ƙofa, saboda ba wanda yake tsayawa dogon bincike akan fakitin ciyawa, sai an haɗa na runduna guda sannan kaga kuɗi ya taru.

Yadda yake yi, da farko zai sayar maka da ɗan ƙaramin abu, fakitin ciyawa ɗaya ko kwalbar fenti, kuma zai iso da wuri, na gaske, ba matsala. Ka yaba, ka faɗawa abokanka. Bayan ɗan lokaci sai ya fito da zancen wai yana haɗa babbar oda kai tsaye daga kamfanoni, ya lissafo Gamers Grass na Fotugal, Green Stuff World da Vallejo na Sifen, Army Painter na Denmak, yace idan aka taru da yawa za'a samu farashin sari amma sai kowa ya biya tun yanzu saboda oda za ta rufe ranar Juma'a. Babu ko ɗaya cikin kamfanonin nan da ya san da zamansa, sunayensu kawai yake ɗauka yana fakewa dasu. Hotunan da yake sawa ma ba aikinsa bane, mun saka su a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, sai gasu a shafukan wasu masu fenti daban, ya yanke gefen da sunan mai aikin yake ne kawai.

Sannan wajen biya baya yarda da komai sai PayPal ta hanyar Friends and Family ko kuma ka tura ta banki, yace wai don a kauce wa cajin da ake cirewa. Ku gane, waccan hanyar an yi ta ne don turawa ɗan uwa ko aboki kyauta, babu kariyar mai saye a cikinta sam. Idan ta Goods and Services ka biya kana da kwana 180 ka shigar da ƙorafi idan kaya basu zo ba, shi kuma abin da yake gudu kenan.

Wasu basu ga komai ba har yau, ya toshe su. Waɗanda suka matsa masa lamba kuwa ya turo musu abu, kuma abin da ya turo ɗin ya fi bani takaici akan rashin turowar. Na riƙe kayan ƙanen nawa da hannuna. Ciyawar kirki zare ne na nailan, 2mm ko 4mm ko 6mm, ana tsayar dashi da na'ura mai cajin lantarki akan ɗigon gam mai laushi shi yasa yake miƙewa tsaye, ka ɗauko da hantsaki ka manna. Ta mutumin nan kuwa duk a kwance take a cakuɗe, gam ɗin ya bushe ƙamas yana karyewa, da ya ɗiga farin gam da ruwa sai koren ya fara zuba yana ɓata yashin da yaron ya sha wahala ya fenta. Fentin laka kuma, kwalba ce ta gaske ta 24ml an rubuta Agrellan Earth, amma tsohuwa ce aka sake cikawa. Duk wanda ya taɓa aiki da na asali ya san idan ka shafa shi da kauri ya bushe tsattsagewa yake kamar ƙasan fadama da rani, iya kaurin iya girman tsagar. Wannan ya kwana ya wuni bai tsage ba, fenti ne ruwan ƙasa aka zuba masa yashi.

Bes ɗin rezin sune babban haɗarin, kuma anan nake so iyaye su saurara tunda yara na shiga harkar nan sosai. Ya kwafi na wasu ne ya zuba, duk ramukan kumfa, zanen duwatsun ya dushe, wanda yace 32mm ne ka ɗora ruler sai kaga bai kai ba, kuma a wasan daga gefen bes ake auna tazara, a gasa ana iya ƙin karɓar sojanka akan haka. Wannan duk mai sauƙi ne. Rezin ɗin bai gama daskarewa ba, yana danƙo a hannu yana wari mai hawa kai, firaima ma, wato fentin shafin farko, ta ƙi kamawa. Ɗanyen rezin yana ƙona fata yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma jiki na iya ɗaukar borinsa ya zama duk sanda ka taɓa sai ya tashi. Idan irinsa ya zo hannunka kar ka goga shi da sanfefa, kar ka bari yaro ya taɓa, sa safar hannu ta roba ka ɗaure shi a leda. Na gaske ma wanke shi ake da ruwan ɗumi da sabulu kafin fenti, amma baya danƙo, a bushe yake tas.

Akwai kuma zagaye na biyu da yake yi, bayan sati biyu ko uku ya turo saƙo wai kwastam sun riƙe kaya kowa ya ƙara wani abu. Ƙarya ce. Tun 1 ga Janairu 2021 kayan da basu wuce fam 135 ba idan za su shigo Birtaniya a wajen saye ake karɓar VAT, wato harajin sayen kaya, idan ma akwai caji to Royal Mail ko kamfanin da ya ɗauko kayan ne zai sanar da kai da kansa, ba wani mutum ya baka lambar asusunsa a inbox ba. Ka ce ya baka lambar bibiya, sai ya turo hoton rasit da aka rufe rabinsa.

Wanda ya riga ya tura ta bankin Birtaniya ya kira bankinsa yau yau, tun 7 ga Oktoba 2024 akwai dokar da ta wajabta mayarwa wanda aka damfara kuɗinsa, ana da wata 13 na kai ƙorafi, sai dai banki na iya cire har fam 100 daga ciki, shi yasa nake zargin da gangan yake tsayar da odar kowa ƙasa da haka. Duk da haka ku kai, ku haɗa sikirinshot na hirar da lambar asusun, idan ƙorafi ya yi yawa akan asusu ɗaya rufe shi ake. Wanda ya biya ta PayPal ɗin da kati ya tambayi banki ko za su iya janyo kuɗin. Ku kuma kai rahoton shafin nasa, kar kunya ta hana ku don kuɗin kaɗan ne.

Ƴan gida da ke bada saƙo, ku daina biyan kuɗin jirgi akan yashi da tsakuwa don Allah. Yashin rafi ka tankaɗe ka wanke ka shanya, farin gam na kafintoci, toshiyar kwalba ta cork ka fasa ta zama duwatsu, hodar baking soda da gam da ɗan farin fenti ya baka dusar ƙanƙara, duk waɗannan suna kusa daku. Ciyawar da fentin tsagewa ne kawai suka cancanci a sayo, su kuma a saye su a shagon da ke da adireshi ko a shafin kamfanin, duk wanda yace sai Friends and Family ku bar masa kayansa. Wanda mutumin nan ya taɓa ya min magana ta inbox, muna haɗa lambobin asusun da ya yi amfani dasu wuri ɗaya don a miƙawa bankuna.