Wa Za Ka Ɗauka Ya Riƙe Maka Sauti a Lokeshin?

Fitowar da ta fi kowace tsada a fim ɗina na biyu ita ce wadda uwa ke yi wa ɗanta bankwana a tsakar ɗaki. Jarumar ta yi kuka na gaske, har mai riƙe fitila ya sunkuyar da kai. Bayan mako uku muka zauna da edita muka kunna, sai ga ƙugin firji a ƙarƙashin kowace kalma, ga ƙarar mayafinta yana goga ƙaramin makirufon da aka liƙa mata a ƙirji. Na ce a rufe nata a bar na sanda, wato makirufon da ake ɗagawa a doguwar sanda bisa kan 'yan wasa. Edita ya dube ni ya ce babu, mai ɗaukar sautin ya haɗe sautin makirufo huɗu a layi ɗaya, ba sa rabuwa. Muka sake ɗaukar muryarta a situdiyo, ta yi iya ƙoƙarinta, amma kukan nan bai dawo ba. Tun daga ranar nake zaɓen mai sauti kafin in zaɓi kyamara.

Cikin hanyoyin ɗaukar sauti, biyu ma ban ga dalilin ɓata lokaci a kansu ba. Makirufon da ke bisa kyamara ɗakin yake ji, ba jarumi ba, domin duk lokacin da nisa ya ninka ƙarfin murya na raguwa da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar wurin kuwa tana nan yadda take. Hayar kaya a miƙa wa wani aboki "mai sha'awar harkar" kuma, wannan kayan ka biya, kunne ba ka biya ba.

Sai mutum ɗaya mai jaka. Zai rataya na'urar ɗauka a ƙirji, sanda a hannu, abin sauraro a kunne. Ga shirin gaskiya, hira da mutum ɗaya ko biyu, ko rahoton talabijin da ake gudu ana ɗauka, shi ne daidai, kuma akwai gwanaye a cikinsu da nake girmamawa. Amma in wasan kwaikwayo ne, mutum huɗu na musayar magana suna zirga-zirga, taura biyu ba ta taunuwa. Hannayensa biyu na sama riƙe da sanda, wa zai taɓa maɓallan? Abin da zai yi shi ne ya ajiye sandar ya dogara da ƙananan makirufo na jiki, daga nan kuma tufafi su shiga magana.

Tawagar mutum uku, mai haɗa sauti da mai sanda da mataimaki, da kekensu na kaya, ita manyan finafinai ke ɗauka. In kana da kyamara biyu ko uku da 'yan wasa da yawa, kuma aljihu zai ɗauka, bismilla.

Ni dai inda zuciyata take, mutum biyu: mai haɗa sauti da mai riƙe sanda, kuma waɗanda suka saba aiki tare. Mutane na raina mai sanda, suna ganin ai ɗaga hannu ne kawai. Ka tsaya kusa da gwani ka gani. Ya karanta labarin tun daren jiya, ya san wa zai yi magana bayan wa, don haka makirufon ya riga kalma isa bakin mai ita. Ya tambayi mai kyamara iyakar hoto, ya sauko da sandar har ta rage kiris ta shigo, ya duba inda inuwarsa za ta faɗi a bango. Jaruma ta juya kai, shi ma ya murza sandar da 'yan yatsu ba tare da ko motsi ya shiga ba. A can gefe abokinsa na zaune, idonsa a na'ura, kunnensa a rufe, ba ya yin komai sai sauraro. Shi ne zai ɗaga hannu ya ce, "Darakta, a yi haƙuri, babur ya wuce kan maganarta ta ƙarshe, mu sake." Wannan jimlar kaɗai ta biya kuɗinsa. Kuma shi zai sa kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya a ɗauki shirun ɗakin, wanda edita ke cike giɓi da shi. Raba aikin nan ba sabon abu ba ne. Tun da injiniya Stefan Kudelski ya fito da Nagra III a 1958, na'urar ɗaukar sauti da ake iya ratayawa a kafaɗa, ɗaukar sauti daban da kyamara ya samu gindin zama a lokeshin, sana'ar ta tsaya da ƙafarta.

Tambayoyin da nake yi ba su da yawa. Ta farko, kuma ka san dalili: kowane makirufo a layinsa daban zai zo? In ya yi jim, mun gama. Sai in tambayi a wane tsari zai ba ni aikin. Amsar da nake jira ita ce fayil na WAV, kilohaz 48, bit 24 (ma'aunan ingancin sautin ke nan), kowanne da sunan fitowa da lambar ɗauka, tare da takardar rahoton sauti. Sai lambar lokaci, wadda ke sa hoto da murya su haɗu da kansu a kwamfuta. Ƙananan akwatuna irin na Tentacle Sync sun sauƙaƙa wannan, babu uzurin barin edita yana bin leɓe da ido. Ina kuma tambaya da wane makirufo yake shiga ɗaki. Sennheiser MKH 416 sarki ne a fili, amma a ɗaki mai siminti da tayil amsa-kuwwa na rikita shi, shi ya sa masana ke sauya shi da irin MKH 50 ko Schoeps mai kan MK 41. Wanda ya san wannan bambancin ya san aikinsa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin harkar nan cike take da masu rufa-ido, kuma sauti ba a ganinsa, sai an koma gida asiri ke tonuwa.

Akwai jabun kaya. MKH 416 na cikin makirufon da aka fi kwaikwaya, haka ma na'urorin Sennheiser marasa waya, har da kwali da tambari. Wani ma bai san jabu ya saya ba. Kada ka tsaya duban tambari. Ka sa ya haɗa kayan a gabanka, ka ɗora abin sauraro a kunnenka, wani ya yi raɗa daga nesa kaɗan. Na asali shiru ne a bayan muryar, jabu kuwa za ka ji "sssss" kamar ana soya abu. Katin ajiya ma akwai na jabu, mai nuna girman da ba shi da shi, sai a tsakiyar aiki fayil ya lalace. Shi ya sa nake so na'urarsa ta riƙa ajiyewa a kati biyu lokaci guda.

Akwai mai kayan aro. Zai turo maka hoton jaka cike da kayan manyan kamfanoni irin Sound Devices da Lectrosonics, ranar aiki ya zo da wata ƙaramar na'ura ya ce waccan tana wajen gyara. A rubuta sunan kowace na'ura a yarjejeniya. A rubuta sunan mutumin ma, don na taɓa tattaunawa da gwani, muka daidaita, na ba da kafin alƙalami, ranar farko sai ga yaronsa da bai fi wata biyu da fara koyo ba.

Akwai mai nuna maka aikin da ba nasa ba. Bidiyon tallar kansa da ya sha kiɗa, muryoyin kuma a situdiyo aka sake su, ba ya gaya maka komai. Ka ce ya ba ka ɗanyen fayil daga lokeshin, wanda ba a taɓa ba. Sannan ka nemi editan da ya tace aikin ka tambaye shi, ba furodusa ba. Edita ne ya kwana da wahalar.

Sabon salon kuma shi ne fakewa da bit 32, wani tsarin ɗaukar sauti da ke hana murya fashewa in ta yi ƙarfi. Tun wajen 2019 da na'urori masu wannan tsarin irin Zoom F6 da MixPre II suka yaɗu, wasu ke cewa yanzu ba sai an saurara ba, komai za a gyara daga baya. Gaskiya tsarin na ceton murya in jarumi ya kwatsa ihu ba zato. Amma ba ya matso da makirufo kusa da baki, ba ya kashe janareta, ba ya hana riga gogawa. Duk wanda ka ga abin sauraronsa a wuya ana tsakiyar ɗauka, sallame shi a ranar.

Ka tambaye shi kuma a kan wane zangon rediyo na'urorinsa marasa waya ke aiki, kuma ko dokar ƙasar da za ku yi aikin ta yarda. A Amurka an sayar wa kamfanonin waya da yawancin zangon megahaz 600, zuwa 2020 aka hana makirufo amfani da shi, sai tsofaffin kayan suka bazu a kasuwar kwance da araha. Mai irinsu zai iya kai ka wurin da siginar waya za ta riƙa yanke maganar jaruminka.

Sai riƙe fayil. Wasu na tafiya da sautin gida su ce sai an cika musu kuɗi, har da wanda ba a yi maganarsa ba. Haƙƙinsu ne a biya su kan lokaci, ban musa ba. Amma a sharaɗina, kowace yamma kafin a watse ana kwafe aikin ranar a ma'ajiya biyu, ɗaya a hannuna, kuma ni da shi mu zauna mu saurari aƙalla fitowa uku da abin sauraro, musamman wadda aka yi raɗa ko kuka a cikinta. In akwai matsala, jarumai na nan, ɗakin na nan, gobe da safe a sake.