Tagar leƙe ko allon baya: wanne ya fi wajen saita fokus da hannu?

Ɗan'uwa, ka ce kana da kyamarar DSLR da lensi mai milimita 50, f/1.8 (lambar buɗin ƙofar lensi ke nan, ƙaramar lamba buɗi mai faɗi), kana murɗa fokus da hannu, a cikin tagar leƙe kana ganin fuskar mutum tar, amma da ka buɗe hoton a kwamfuta sai ka tarar ido ya yi dishi-dishi, kunne ko wuyan riga ne ya fito fes. Ka tambaya ko lensin ne ya lalace, ko kuwa ka koma saiti da allon baya. Kada ka yi saurin kai lensin wurin mai gyara. Tunda akwai wurin da ya fito fes a cikin hoton, lensin yana iya aikinsa. Fokus ɗin ne ya sauka inda ba ka nufa ba, kuma dalilin yana cikin bambancin hanyoyin nan biyu da ka ambata.

A cikin DSLR akwai madubi a karkace a gaban sensa. Haske idan ya shigo ta lensi, madubin yana tura yawancinsa sama, zuwa wani ɗan faifan gilashi mai kaushi-kaushi, kuma hoton da ya sauka a kan wannan faifan ne idonka ke gani ta tagar leƙe. Wani kaso na hasken yana ratsa tsakiyar madubin, ya bugi ƙaramin madubi a bayansa, ya gangara ƙasa wurin na'urar da ke auna fokus. Ita kuwa sensa, wadda ita ce mai ɗaukar hoton, ba ta ganin komai sai ka danna, madubi ya ɗaga. Hanyoyi 3 ke nan, kuma dole tsawonsu ya yi daidai da juna. Idan faifan ya ɗan goce daga mazauninsa, ko da kaurin takarda ne, idonka zai ce an dace alhali sensa ba ta yarda ba. Idan ka danna maɓallin da ake rubuta wa LV kuwa, madubi yana ɗagawa ya tsaya a sama, abin da ke bayyana a allon baya daga sensar kanta yake fitowa. Babu ɗan aike a tsakani. Wannan ne babban fifikon allo, kuma duk sauran bambance-bambancen daga nan suka samo asali.

Bari mu fara da abin da ya fi sauƙin gyara a ɓangaren taga. Kusa da inda kake ɗora ido akwai ɗan ƙaramin gargare mai alamar ƙari da ragi, dayofta ke nan. Aikinsa daidaita tagar da ƙarfin idonka, a yawancin kyamarorin Canon daga -3 zuwa +1. Yakan murɗe da kansa wajen sawa da cirewa daga jaka, mutum bai sani ba. Yadda ake saita shi: ka juya kyamara ga farin bango, ka ɓata fokus ɗin lensi gaba ɗaya, sannan ka murɗa gargaren har sai lambobin ƙasan taga da ƴan akwatunan fokus sun fito garau. Su za ka kalla, ba bangon ba. Idan kana sa tabarau wajen ɗauka, to da tabarau za ka saita. Allon baya ba ruwansa da dayofta, sai dai shi ma yana da nasa sharaɗin, domin wanda ganin kusa ya fara yi masa wuya zai buƙaci tabaran karatu kafin ya yi hukunci da abin da ke allo.

Matsala ta biyu ita ce wadda nake zargi a kan kyamararka, kuma mutane ƙalilan ne suka san da ita. Kyamarorin fim na da an yi su ne don saiti da hannu. Faifansu yana da kaushi sosai, a tsakiyarsa akwai da'ira da ke raba hoto gida biyu, kana murɗawa har layukan su haɗe, ka san ka iso. Da fokus mai sarrafa kansa ya zo, kamfanoni suka cire wannan da'irar, suka kuma ƙera faifan da zai ba da haske mai yawa, domin lensunan zum masu arha ba sa shigar da haske sosai. Abin da aka yi asara shi ne daidaito. Irin wannan faifan ba ya nuna maka ainihin ƙarancin zurfin fokus idan buɗin lensi ya wuce wajen f/2.8. Wato kana ɗauka a f/1.8, amma idonka yana ganin hoto kamar na f/2.8 ko ma wanda ya fi shi tsukewa. Abin da ya ɗan goce sai ya bayyana maka kamar ya zauna.

Dubi lissafin. Lensi mai milimita 50 a f/1.8, a kan kyamara mai ƙaramar sensa irin APS-C, idan mutum yana nisan mita 2, zurfin da zai fito fes bai wuce kamar santimita 11 ba. Idan ka matso zuwa mita 1, ya koma ƙasa da santimita 3. Daga ido zuwa kunne ya fi haka. Ko numfashin da ka ja ya sa ka ɗan yi gaba bayan ka gama saiti ya isa ya kai fokus kunne. A f/8 kuma, a nisan mita 2, zurfin ya kai kusan rabin mita, shi ya sa kuskuren ba ya fitowa a hotunan rana da aka ɗauka da matsattsen buɗi. Canon sun san da wannan, har suka sayar da faifai na musamman, Eg-S, don kyamarorinsu 5D Mark II da 6D, wanda aka yi domin lensuna masu f/2.8 ko waɗanda suka fi haka buɗewa. Yana taimakawa ƙwarai, amma tagar takan yi duhu idan ka ɗora lensi mai ƙaramin buɗi. Ƙananan kyamarori kuma tagarsu ƙarama ce tun asali, da madubai aka haɗa ta maimakon dunƙulallen gilashi, ga ƙarancin haske.

A allon baya wannan matsalar ba ta taso ba. Kana matsar da akwatin zuwa kan ido, ka danna maɓallin ƙara girma, a Canon sau 5 sannan sau 10, ka murɗa zobe a hankali har gashin ido ya rarrabe ɗaya bayan ɗaya. Yadda nake yi, ina wuce wurin kaɗan da gangan, in dawo, in sake wucewa ta ɗaya gefen, ina rage tazarar har in tsaya a tsakiya. Abu ɗaya za ka lura da shi: wasu kyamarorin suna nuna maka allo da lensi a buɗe gaba ɗaya, wasu kuma suna tsuke shi zuwa lambar da ka zaɓa. Saiti ya fi sauƙi a buɗe, domin a nan ne ƙaramin kuskure ke fitowa fili. Wasu na baya-bayan nan, irin Nikon D850 da Canon 90D, suna ma shafa launi a gefen abin da fokus ya hau. Yana da amfani wajen sauri, amma ni na fi yarda da ƙara girma, saboda launin yakan haska wuri mai faɗi fiye da inda fokus yake da gaske.

Za ka ce ai akwai ɗigon nan da ke kamawa a cikin taga idan fokus ya yi daidai. Akwai shi, kuma ya fi ido tsirara. Amma daga na'urar ƙasan madubi yake samun labari, ba daga sensa ba, kuma yana da sassauci. Gwada ka gani: murɗa zobe daga nesa zuwa kusa ka tsaya inda ya fara kamawa, sannan ka zo daga kusa zuwa nesa. Sau da yawa wurare biyu daban za ka tsaya, ɗigon yana kunne a duk tsakaninsu. A f/5.6 wannan tazarar ba komai ba ce, a f/1.8 ita ce ido da kunne. Kuma akwatin fokus na gaskiya yakan fi wanda aka zana maka a taga girma, sai ya kama gira ko firam ɗin tabarau. A Canon, idan tsohon lensi ne da aka ɗora da mahaɗi marar lantarki, ɗigon ma ba zai kama ba.

Kada in yi wa taga rashin adalci. Idan kana leƙe, kyamara tana manne da goshinka, gwiwar hannu tana jikin ƙirji, wurin dafawa uku ke nan. Da allo kuwa hannuwa ne a miƙe, kyamara tana lilo, idan ka ƙara girma sau 10 hoton yana rawa har ka kasa gane komai. A tsakar rana allo yana dusashewa. Yana shan batir, yana ɗumama sensa idan an daɗe, kuma a tsofaffin kyamarori akwai jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka. Yayin da ka ƙara girma a kan ido, ba ka ganin sauran hoton, ba ka san ko mutumin ya yi murmushi ko ya kau da kai ba. Yaro mai gudu ko ɗan wasa a fili, ba za ka bi shi da allo ba. Taga tana nuna maka motsi a daidai lokacin da yake faruwa.

Sai kuma wani abu da ya kamata ka tabbatar tukuna, domin ba kowane dishi-dishi ne na fokus ba. Buɗe hoton a kwamfuta, ka ƙara girmansa zuwa kashi 100. Idan wani wuri ya fito tar, gaba ko bayan abin da ka nufa, kuskuren fokus ne. Idan babu inda ya fito, kuma gefunan abubuwa sun ja layi ko sun ninku biyu zuwa gefe ɗaya, girgizar hannu ce. Idan bango ya tsaya cak, mutumin ne kawai ya shafe, motsinsa ne. Maganin biyun ƙarshe gudun shota ne, wato gajarta lokacin da sensa ke karɓar haske. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada ka sauka ƙasa da ɗaya bisa tsawon lensi, sannan a ƙaramar sensa ka ninka da 1.5 a Nikon ko 1.6 a Canon. Naka, idan ƙaramar sensa ce, ya kama 1/80 na daƙiƙa, ni kuwa ga fuskar mutum ba na sauka ƙasa da 1/125, gara in ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske. Idan kuma ka tsuke lensi har f/22 don neman tsira, hoton gaba ɗaya zai yi laushi, saboda haske yana bazuwa idan ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa.

Ga gwajin da zai raba gardama, ba zai ci maka minti 20 ba. Ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku ko tebur mai ƙarfi. Kafa akwati mai rubutu yana fuskantarka a nisan mita ɗaya da rabi, ka jingina rula a gefensa a karkace, yadda wata lamba, a ce 15, za ta yi daidai da fuskar akwatin. Sa f/1.8, ISO 100, ka kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta. Ɗauki hoto 5 da ido kawai ta taga, kana ɓata fokus kafin kowanne. Ɗauki 5 da ɗigo, sannan 5 da allo. Idan na allo sun fito tar, lensinka lafiya lau. Idan na taga sun warwatsu, wani gaba wani baya, iyakar faifan da idonka ne. Idan kuwa duk sun karkata gefe guda, kullum baya ko kullum gaba, to faifan ko madubin ne ya goce, wannan aikin mai gyara ne, yana saka ƴan siraran ƙarafa a ƙarƙashin faifan. Idan na ɗigo ne kaɗai suka karkata, duba ko kyamararka tana da gyaran fokus na kowane lensi a cikin saitunanta. Sai idan har na allo ma sun ƙi fitowa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi, sannan za ka tuhumi lensi. Ka dai sani cewa irin lensin nan a f/1.8 yana da ɗan laushi na halitta, yana tsayuwa sosai daga f/2.8 zuwa f/4.

Zoben kansa ma yana da laifi. Tsofaffin lensunan hannu sukan juya rabin da'ira ko fiye daga kusa zuwa nesa, da nauyi mai daɗi a yatsa. Yawancin na zamani an gajarta juyinsu don ɗan injin fokus da ke juya lensi ya yi sauri, taɓawa kaɗan sai fokus ya yi tsalle. Kuma da yawansu suna wuce alamar nesa, saboda haka wanda ya murɗa zobe har ƙarshe don ɗaukar wata ko taurari zai samu dishi-dishi. A nan allo ne kawai mafita, ka ƙara girma a kan tauraro mai haske har ya koma ɗan ƙaramin ɗigo. Idan zum ne a hannunka, ka gama zum kafin ka saita fokus, domin yawancinsu fokus yana gocewa idan tsawo ya canja.

Da ni ne kai, duk abin da ba ya motsi, kaya ne ko gini ko fure ko mutumin da ya yarda ya zauna shiru, da allo zan saita shi, kyamara a kafe. Abin da ke motsi kuma ta taga, amma in sauko zuwa f/4, in dogara da ɗigo, in ɗauki 3 ko 4 a jere ina ɗan taɓa zoben tsakaninsu. Dayofta za ka fara dubawa yau, sannan ka yi gwajin rular, ka faɗa mana a kan wace lamba fokus ya sauka a kowane kashi.