Gargaɗi ga masu kiwo: baƙin ƙwan Ayam Cemani damfara ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kaji. Duk wanda ya nuna muku hoton ƙwai baƙi ƙirin kamar gawayi ya ce na kazar Ayam Cemani ne, ku riƙe kuɗinku. Kazar nan ba ta yin baƙin ƙwai. Ƙwanta fari ne mai ɗan sirkin ruwan madara, kusan irin na kajinmu na gida, ƙarami, nauyinsa wajen giram 45. Rashin sanin wannan magana ɗaya ne ya ci mini naira dubu 96 wata huɗu da suka wuce.

Shekarata tara ina kiwo a bayan gida, kajin Hausa da Brahma da 'yan talo-talo, kuma na daɗe ina sha'awar wannan baƙar kaza. Sai na ci karo da wani shafi a Facebook cike da bidiyon baƙaƙen zakaru suna cara, da hoton kwando shaƙe da baƙin ƙwai. Na bi lambar zuwa WhatsApp. Mutumin akwai daɗin baki, komai na ce sai ya amsa da "ranka ya daɗe Alhaji". Ya ce ƙwai ɗaya dubu 8, guda 12 suka rage, kuma akwai wani babban mutum da ya yi magana a kansu, amma ni zai fi so ya ba wa tunda ya ga ni ɗan kiwo ne na gaske. Na nemi ya kira ni ta bidiyo in ga kajin, ya ce gonar tana can bayan gari inda babu sabis. Na tura kuɗin a daren.

Bayan kwana uku direba ya kira ni na je tasha na karɓi kwali. Na kawo gida na buɗe, ga su nan kwance cikin garin katako, baƙaƙe suna ƙyalli. Ƙaramar 'yata ta fito daga wanke-wanke da jiƙaƙƙen hannu ta ɗauki ɗaya, ta ajiye, sai ta ce, "Baba, dubi hannuna." Yatsunta duk sun yi baƙi. Na jiƙa tsumma na goga, nan take jan ɓawo ya bayyana. Ƙwan gidan gona ne, irin wanda mai shayi ke soyawa, an tsoma shi a rini. Su kuwa kajin gidan gona masu ƙwai ba a haɗa su da zakara, don haka ko shekara ƙwan zai yi a injin ƙyanƙyasa babu abin da zai fito. Duk da haka na sa su, don in samu hujja. Ranar kwana goma na haska su da tocila a ɗaki mai duhu, babu jijiya ko ɗaya. Kafin lokacin ma mutumin ya riga ya toshe lambata.

Ita kazar kanta gaskiya ce, ba almara ba. Asalinta tsibirin Jaba ne a ƙasar Indunusiya, musamman yankin Kedu da ke tsakiyar tsibirin. A harshensu "ayam" na nufin kaza, "cemani" kuma baƙi wuluk. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Jan Steverink ne ya fara kai ta Turai a 1998, daga baya ta isa Amurka, inda aka taɓa sa wa guda ɗaya farashin dala 2,500. Wannan adadin ne 'yan damfara ke yawo da shi suna kwaɗaita wa mutane. Baƙin nata gado ne: wani sauyi a ƙwayar halittarta ke sa launin baƙi ya yaɗu ya wuce gashi da fata, ya shiga nama da ƙashi da kayan ciki. Bai shafi ɓawon ƙwai ba, haka kuma bai shafi jini ba. Jininta ja ne kamar na kowace kaza. Ba ta da wani girman a-zo-a-gani, zakara kilo 2 zuwa 2 da rabi, mace kilo 1 da rabi zuwa 2. Ba ta da yawan ƙwai, wajen 80 a shekara, takan yi ta tsaya ta huta, kuma ba ta cika son kwanci ba. To mutumin da kullum yake da kiret-kiret na ƙwan Ayam Cemani na sayarwa, kaji nawa gare shi? Ku tambaye shi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya samu wani abokin kiwona, don nasa ya fi nawa wuyar ganewa. Shi 'yan tsaki ya saya, guda shida, 'yan sati uku, kuma da idonsa ya gan su kafin ya biya. Baƙaƙe ne har fata, babu rini ko kaɗan. Ya raine su kamar 'ya'yansa, ya yi musu rigakafi, ya ware musu akurki na daban. Da suka kai wata huɗu zuwa biyar sai zankon zakarun ya fara komawa ja-ja kamar ruwan zoɓo, gashin wuyansu ya fara fitar da ratsin ja da ruwan zinare. Ashe ruwa biyu ne. Dalili kuwa shi ne wannan gadon baƙin yana da rinjaye. Idan ka haɗa zakaran Cemani da baƙar kazar gida, 'ya'yan za su fito da duhun fata, kuma suna ƙanana da wuya ka bambance su da na asali. Sai sun balaga asiri ke tonuwa, lokacin mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗin. Mutum ɗaya mai zakara ɗaya da kajin Hausa goma zai iya cika gari da irin waɗannan, yana sayar da su a farashin tsantsa.

Saboda haka in za ka saya, sayi wadda ta girma, kuma ka kama ta da hannunka. Fara da baki. Buɗe shi a cikin hasken rana ka dubi harshe da ganda. Na ƙwarai baƙi ne ko toka-toka mai duhu sosai. In ka ga ja-ja fes kamar na kazar gida, ajiye ta. Sannan zanko da naman da ke reto a ƙarƙashin baki, su zama baƙaƙe, ba ja ba, ba ruwan hanta ba. Ɗaga fiffike ka hura gashin ka ga fatar hammata, ka duba ta wajen dubura, domin nan ne mai rini ke kasa kaiwa. Juya ƙafa ka dubi tafin da farata. Gashin na asali in rana ta doke shi yana walƙiya kore-kore kamar bayan buzuzu, na rini kuwa dishi-dishi yake. Ka tafi da farin tsumma jiƙaƙƙe a aljihu, ka goga a zanko da ƙafa a gaban mai ita. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sai dai a yi adalci. Ko iyaye tsantsa ba duk 'ya'yansu ke fitowa cikakku ba. Ana samun mai farar ƙumba ɗaya, ko mai harshen da bai yi duhu sosai ba, shi ya sa masu kiwonta na gaskiya suke tacewa, su ware na iri su sayar da sauran da rangwame. Wanda ya ce maka duk abin da ya ƙyanƙyashe ɗari bisa ɗari ne, ƙarya yake yi. Ka nemi ganin uwa da uba, da yayyen 'yan tsakin da suka riga suka girma. Kuma ba kowace kaza mai baƙar fata ce Cemani ba. Akwai Silkie mai gashi kamar auduga da yatsu biyar, akwai Kadaknath ta ƙasar Indiya. Kowacce da sunanta da kuɗinta.

Wani abin da 'yan damfarar suke yawan faɗa shi ne "jiya-jiya suka sauka daga Indunusiya". Tsuntsaye masu rai suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su Najeriya. Wanda ya ce ya shigo da su, ko dai ƙarya yake yi, ko ta ɓarauniyar hanya suka biyo ba tare da likitan dabbobi ya gan su ba. Duk wanda ya tuna murar tsuntsayen 2006, da ta fara bayyana a jihar Kaduna, ya san abin da kaza ɗaya mai ciwo ke yi wa garke. Ko daga maƙwabcinka ka sayi sabuwar kaza, ka killace ta sati biyu zuwa uku kafin ta haɗu da naka, balle in hunturu ya ƙarato.

Akwai kuma masu tallar ta da sunan magani. Suna cewa baƙin jininta na karya sammu, namanta na warkar da ciwon suga da rashin haihuwa. Wannan ya fi ƙona mini rai, domin marasa lafiya da matan da ke neman haihuwa ake cuta, mutanen da za su sayar da ɗan abin hannunsu su biya. Naman kaza ne, ana ci a ƙoshi, ba ya maye gurbin asibiti.

Tun da na fara ba da labarina, mutum huɗu sun same ni da irinsa. Biyu daga cikinsu ko kwali ba su gani ba. Bayan sun biya, sai wani ya kira su ya ce shi direba ne, an tare shi a hanya ana neman takardar likitan dabbobi, a turo dubu 15 in ba haka ba kajin za su mutu a rana. Suka tura, aka sake neman ƙari. Lambobin asusun daban-daban ne, sunayen da ke fitowa kuma ba su dace da sunan shafin ba, amma muryar da ke cikin saƙonnin iri ɗaya ce, mun saurara tare. Bidiyon da mai shafin yake sakawa kuma na gano na wasu gonakin ƙasashen waje ne ya kwafo ya yanke tambarinsu.

Shafin ya canza suna sau biyu, yanzu ya ƙara da tallar ƙwan ɗawisu. Ban ambaci suna ko lamba a nan ba saboda maganar tana hannun hukuma, kuma gobe ma zai iya sake wani sunan. In ka riga ka biya, kar ka goge hirarku. Ajiye shaidar tura kuɗi da saƙonnin murya da hoton shafin, ka je bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ni sai da na yi kwana goma sha ɗaya kafin na je banki, na tarar an riga an kwashe kuɗin daga asusun. Don Allah ku tura wa duk wani mai kiwo da kuka sani, musamman matan da ke kiwo a cikin gida, domin uku daga cikin mutum huɗun nan mata ne.