Injin gudun zarra ko ɗakin gashin sankara: wanne za ka bi bayan digiri?

Wanda ya gama digirin fiziks, yake kuma sha'awar injinan da ke ingiza ƙwayoyin zarra su yi gudu dab da na haske, hanyoyi uku ne a gabansa. Kafin ka aika takardar neman gurbi, ka fara sanin inda kake son zama idan karatu ya ƙare.

Ta farko ita ce ta masu ƙera injin. Matattararsu CERN ce, babbar cibiyar binciken zarra ta Turai a Jeneba, mai injin LHC da da'irarsa ta kai kilomita 27, sai cibiyoyin John Adams da Cockcroft a Ingila. Aiki ne na lissafi da maganaɗisu da kwamfuta, kuma akwai suna a cikinsa. Sai dai bayan digirin digirgir kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, ka gama nan ka naɗe tabarma ka nufi wata ƙasa. Kujerar dindindin kuwa sai mai rabo. Mai iyali ya auna da kyau.

Ta biyu ta asibiti ce, kuma ita na fi so wa mai niyyar dawowa gida. Injinka a nan linak ne, mai harba eksire cikin ƙari don kashe sankara, abin da ake kira gashi. Za a gan ka da tankin ruwa a ƙarƙashin injin, ka tsoma ma'auni, kana tabbatar da cewa abin da likita ya rubuta shi ke shiga jikin maras lafiya, ba ƙari ba ragi. Cibiyar ICTP da ke Triyeste a Italiya tana da digiri na biyu na shekara biyu a fannin fiziks na asibiti, shekara ta biyun a asibiti ake yin ta, kuma ɗaliban ƙasashe masu tasowa take nema. Jami'ar Ghana ma tana koyar da fannin. A Ingila horon shekara uku ne. A Amurka kuwa ka duba ko kwas ɗin yana da amincewar hukumar CAMPEP, mai tantance kwasa-kwasan fannin, tun kafin ka biya ko sisi. Asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Asibitin Ƙasa na Abuja duk suna da sashen gashi. Aibinta ɗaya: layin marasa lafiya ba ya barin ka zauna rubuta bincike, alhali da shi jami'a ke ƙara girma.

Ta uku tsakiya ce, wato bincike kan gashin sankara da ƙwayoyin zarra na furoton ko kabon a maimakon eksire. A 1946 Robert Wilson, masanin fiziks ɗan Amurka, ya kawo shawarar. Eksire yakan ratsa jiki ya fita ta baya, shi kuwa furoton yakan sauke mafi yawan ƙarfinsa a zurfin da aka zaɓa ya tsaya cak, sai naman da ke bayan ƙarin ya tsira. Asibitin Loma Linda a Amurka ya fara a 1990, Ciba ta Japan ta shigo da kabon a 1994, Haidelbag ta Jamus a 2009. Fanni ne mai daɗi ƙwarai, amma injin gini guda yake ci, kuma irin waɗannan wurare ba su da yawa, don haka inda injin yake can za ka tare.

Duk wadda ka ɗauka, ka tambayi malamin da zai duba aikinka awa nawa ɗalibansa ke samu a kan injin a shekara, da kuma inda ukun da suka gama a hannunsa kwanan nan suke aiki yanzu.