Luwi na saya, Filib aka kawo mini

Tauraro biyu na ba su, kuma ko biyun sai da na yi ta kai-kawo da zuciyata kafin in danna. Shago ne na intanet a Faransa da ke sayar da tsoffin sulalla. Ba zan kama suna ba, masu wannan harka sun san irinsu: hotuna tas-tas kamar ka miƙa hannu ka ɗauka, da dogon bayani a ƙarƙashin kowace ƙwandala har da nauyinta da lambarta. Na fi wata huɗu ina leƙa shafinsu da dare, ina rufewa, kafin in yi ƙundunbala in biya yuro 240 a kan ƙwandala guda. Wanda yake karɓar albashin malamin makaranta a Damagaram ya san abin da jaka ɗari da hamsin da 'yan kai ke nufi a gida.

Abin da na saya shi ne giro turnuwa, wata tsohuwar ƙwandalar azurfa, ta Sarkin Faransa Luwi na Tara, kuma ina da dalilina. Lokacin da nake karatu a Alƙahira mun taɓa zuwa Mansura, aka shiga da mu gidan Ibn Luƙman, inda aka tsare wannan sarki bayan an kama shi a Fariskur a shekarar 1250. Ya zo da rundunarsa zai ci Masar, ƙaninsa Robar ya mutu a cikin lungunan Mansura, ciwon ciki ya cinye sojojinsa, shi kansa ya ƙare a ɗaure. Bai fita ba sai da ya mayar da birnin Dimyaɗ, aka kuma yanka masa fansar fam 400,000 na kuɗin ƙasarsa. Tun ranar nan mutumin yake raina. Ya koma gida a 1254, ya gyara harkar kuɗi, ya yi doka cewa kuɗin sarki ya ci ko'ina a ƙasa, na hakimai kuwa kowanne ya tsaya a yankinsa. A 1266 ya buga wannan babbar ƙwandala ta azurfa mai nauyin giram huɗu da ɗan ɗoriya, wadda take daidai da ƙananan diniye goma sha biyu. Shekara huɗu bayan haka ya sake ɗaura yaƙi, ya mutu a bakin Tunis a 1270. Ina so in riƙe abin da aka buga da sunansa a hannuna, in kai aji in ce wa yara ga shi, ku taɓa. Iyakar burina ke nan.

Matsala ta farko, ba sa aiko da kaya Nijar. Ban yi fushi da wannan ba, na saba. Na ba su adireshin ƙanena da ke aiki a birnin Marsai, can Faransa. Cikin kwana biyar kaya suka isa, wannan kam na yaba musu. Ya kira ni ya ce, "Yaya, saƙonka ya zo, in buɗe?" Na ce a'a, bar shi yadda yake, ni zan buɗe da hannuna. To a nan na cuci kaina. Ambulan ɗin ya kwanta cikin akwatinsa wata biyu cur, sai da ya zo hutun babbar salla ya kawo mini.

Da dare ya iso, wuta kuma an ɗauke. Da fitilar waya na buɗe. Sun naɗe ta da kyau, gaskiya: kwali mai kauri, 'yar leda, da ƙaramar takarda an rubuta sunan Luwi na Tara da shekarun sarautarsa, 1226 zuwa 1270, nauyi giram 4.05. Na zazzage ta a tafin hannu. Siririya ce fiye da yadda na zata, baƙi-baƙi, ga gicciye a tsakiya da zobe biyu na rubutu sun kewaye shi, bayanta kuma zanen nan mai kama da soro da ake kira shatel, alamar birnin Tur, da furannin sarauta jere a baki. Na tara mutanen gida. Na ba uwargida ta riƙe, na zuba mata labarin Mansura tun daga saukar jiragen ruwa har zuwa Shajaratud-Durr, sarauniyar Masar ta lokacin. Ta jujjuya ta ce, "Malam, wannan 'yar abar ce jaka ɗari da hamsin?" Na ce ke dai ba ki san tarihi ba. Da farin ciki na kwana, har na ɗora hoto a wayata na rubuta cewa Luwi ya iso Damagaram.

Da safe bayan na dawo masallaci, rana ta fito, na ɗauko gilashin da nake duba ƙananan rubutu na zauna a tsakar gida. Haruffansu na da wuyar karatu, a cunkushe suke, U ma da siffar V suke rubuta ta. Na san abin da nake nema a zoben ciki: LVDOVICVS REX. Na fara daga ɗan gicciyen da ke sama, sai na ga P. Na goge gilashin da bakin riga. P ce dai, H na bin ta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina fata idona ne: PHILIPPVS REX. Gwiwata ta yi sanyi. Na buɗe hoton da ke shafinsu, wanda na adana tun ranar ciniki, na ajiye gefe da gefe. Ba ita ba ce sam. Ta hoton da'irarta cikakkiya ce, furanni goma sha biyun nan duk ana ƙirga su. Tawa kuwa gefe guda an zaftare shi, furanni huɗu rabinsu ya tafi.

Cinikin biri a sama ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hoton da na riga na watsa, da wani abokin aikina malamin Faransanci da ya riga ya rubuto cewa zai zo gani.

Na tafi kasuwa wurin wani dattijo maƙerin azurfa da nake kai wa gyaran zobe. Na ce, "Baba, auna mini wannan." Ya ɗora a sikelinsa na lantarki, ya nuna 3.6. Ya ɗaga ta sama ya duba, ya sake ta a kan ƙarfe ya saurari ƙararta, ya ce, "Malam, azurfa ce mai kyau, amma an yi mata aski, kuma ba jiya aka yi ba, dubi bakin ya tsufa tare da jikin." Ya tambaye ni nawa na saya. Da na faɗa masa sai ya miƙo mini abata da hannu biyu, bai ƙara cewa komai ba. Askin nan sananne ne ga masu tara irin waɗannan kuɗi. Mutanen wancan zamani sukan ɗan yanki bakin ƙwandala su tara ɓarɓashin azurfar, su kashe ta a cikakken farashi. Wato wani ya ci rabin giram a jikinta shekara ɗari bakwai da suka wuce, ni kuma na biya.

Na rubuta musu da Faransancina mafi ladabi, na haɗa hotuna uku da hoton sikeli. Kwana shida shiru. Na sake rubutawa. Amsar da ta zo layi biyu ce: kwana goma sha huɗun da doka ta ba mai saye ya mayar da kaya sun wuce tuntuni. Na san da dokar. Amma ai dokar nan ta wanda ya sake ra'ayi ce. Ni ban sake ra'ayi ba, abin da na biya ne ba a ba ni ba. In ka sayi rago aka kawo maka bunsuru, don ka yi wata biyu ba ka leƙa garke ba, bunsurun ba zai zama rago ba. Haka na rubuta musu, ban sani ba ko misalin ya shige su. A karo na uku ne wani da na ga alama shi ne mai shagon ya amsa da kansa. Ya ce ya duba, lallai an sami musayar ambulan a wurin naɗe kaya, tawa ta Filib na Huɗu ce, ta Luwin kuma ta tafi wurin wani mai saye wanda bai ce uffan ba. Yo ina zai ce, shi da ya biya kuɗin Filib aka kai masa Luwi har gida?

A nan ne fushina ya ɗan sauka, don mutumin ya yi magana ta mutunci, ya ba da haƙuri sau biyu, har ya koya mini abin da ban sani ba. Ya ce masu sana'ar suna raba uba da ɗa ta ƙirga harafi: in sunan da P ɗaya ne a tsakiya, sukan ba wa Filib na Uku, ɗan Luwi, in biyu ne sai su ba jikan Luwi, Filib na Huɗu. Na koma na ƙirga, biyu ne. Ya ce in dubi O ɗin da ke cikin TVRONVS, sunan birnin Tur da ke bayan ƙwandalar, nawa zagayayye ne, akwai kuma masu dogon O. Na shafe wannan dare ina karatu a kan jikan, kuma dole in faɗi gaskiya, labarinsa ya fi na kakan daɗin ba wa yara. Ya hau mulki a 1285, kyakkyawa ne har ake masa laƙabi da kyawunsa, amma kullum baitulmalinsa a bushe saboda yaƙi da Ingila da Filanda. Daga 1295 ya shiga taɓa kuɗi, a rage azurfa a ƙara tagulla, a kuma ɗaga darajar ƙwandala da baki kawai, har sunan sarki mai jabun kuɗi ya bi shi. A 1306 ya ce a koma kuɗi mai ƙarfi dare ɗaya, masu gidajen haya suka ce da sabon za a biya su, haya ta ninka uku, talakawan Paris suka yi bore har sarki ya fake a gidan mayaƙan Tampil, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista. A shekarar ya kori Yahudawa ya ƙwace dukiyarsu. Shekara na zagayowa, ranar 13 ga Oktoban 1307, ya sa aka kame waɗannan mayaƙa da suka ba shi mafaka, shugabansu kuma aka ƙone shi a 1314, shekarar da shi ma sarkin ya mutu. Mu da muka ga yadda aka karya darajar sefa da rabi a 1994, ba sai an yi mana dogon bayani kan mutanen Paris ba. Na zauna ina dariya ni kaɗai: ƙwandalar sarkin da ya shahara da rage awo, an yi mata aski, ta kuma zo mini ta hanyar kuskuren awo. A wannan daren da an tambaye ni, tauraro huɗu zan ba su.

Sai aka zo maganar kuɗi. Ni na ɗauka za su mayar mini da bambancin farashi, tunda shi da bakinsa ya ce ta Filib ba ta kai ta Luwi ba, balle mai aski. Abin da ya turo takardar rangwame ce ta yuro 70, ba a kashe ta sai a shagonsu, kuma tana mutuwa bayan wata shida. Ko kuma in mayar da ƙwandalar da kuɗin aljihuna, da inshora, in ta isa lafiya su duba. Daga Damagaram! Ƙanena ya riga ya koma, ba zai sake zuwa ba sai baɗi. Wato kuskuren nasu ne, amma maganinsa shi ne in ƙara kai musu ciniki. An sayar da kare an sayi biri. Na roƙa a mayar mini da saba'in ɗin tsaba, aka ce tsarinsu bai yarda ba. Tun daga nan ban sake jin mai shagon ba, sai layi biyun nan na farko suka dawo.

Kuma da raina ya sake ɓaci sai na tuna da ɗayar. A cikin odar akwai ƙaramin diniye na Filib Ogus, kakan Luwi, sarkin da ya karɓe yankin Tur daga hannun sarakunan Ingila, wanda na ƙara don kuɗin aike ya zama ɗaya. Wannan kam shi ne na hoton, sunan Waliyyi Martan na nan a bayansa. Amma wani ya goge shi har yana ƙyalli kamar sabon cokali, kuma ba su faɗa a bayani ba. Da farko na yi shiru don ɗan abu ne. Shi na so in nuna wa kawuna, wanda ya yi fatauci Kano kafin naira ta zo a 1973, in ce masa lissafin nan nasu na kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, daga tsarin Sharlaman, wani babban sarkin Turai na dā, ya samo asali, diniye 240 a fam guda, kuma harafin d da ake rubuta wa kwabo daga sunan wannan kuɗi ne na Latin, dangin kalmar dinari. Na nuna masa. Ya riƙe ya ce, "Kai ɗana, wannan ai bai yi kama da tsohon abu ba." Me zan ce masa?

Yanzu kowace Juma'a sai sun turo mini talla. Ta makon jiya faran mai doki ce, ta zinariya, wadda aka buga a 1360 lokacin da ake haɗa fansar Sarkin Faransa Jan na Biyu bayan Turawan Ingila sun kama shi a Fuwatiye a 1356, ita ce asalin sunan faran da muke kashewa har yau muna ce masa tamma da dala. Farashinta ya fi kuɗin babur ɗina. Na duba ta ya fi sau goma, ban ɓoye ba, hotonsu dai ba shi da na biyu.

Na kai Filib aji ranar Litinin. Yara sun yi layi suna taɓawa, ɗaya ta tambaya wa ya cije bakin. Takardar rangwamen saura wata biyu ta mutu, kuma akwai wani Luwi da suka sa a shafi shekaranjiya, giram 4.1. Na riga na gaya wa ƙanena, in har na yi rashin zuciya na saya, ranar da ambulan ya iso ya buɗe shi a gaban kyamara ya karanta mini harafin farko.