Hattara da masu sayar da mabuɗin Windows "na har abada"

Jama'a, da takaici nake wannan rubutu, domin ni ma an yi min, alhali ni ne wanda ake kira a gidanmu duk lokacin da kwamfuta ta yi gardama.

Ƙanwata ce ta sayi laftof ta hannu. Bayan 'yan makonni sai wani dusasshen rubutu ya fito a ƙasan allo ta hannun dama, yana cewa "Activate Windows". Ta turo min hotonsa hankali a tashe: "Yaya, rufewa za ta yi? Duk aikina yana ciki fa." Na ce ta kwantar da hankalinta, kafin dare zan gyara. Na shiga intanet na ci karo da wani mai sayar da mabuɗin lasisi. Shafinsa cike da yabon waɗanda suka saya, ga alkawarin cewa mabuɗin na asali ne kuma na har abada, kuɗin kuwa bai taka kara ya karya ba. Na biya. Cikin minti biyar ya turo min haruffa da lambobi 25, rukuni biyar-biyar, kamar yadda kowane mabuɗin Windows yake. Ya haɗo da layuka uku da ya ce in liƙa a cmd, baƙar tagar nan da ake rubuta wa Windows umarni, wai don abin ya zauna daram. Na liƙa, rubutun ya ɓace, ƙanwata ta yi ta godiya. Har na koma shafin nasa na ƙara nawa yabon a kan na sauran, wanda shi ne abin da ya fi ci min rai yanzu.

An ɗauki watanni, har na manta da zancen, sai ga saƙo a tsakiyar allo cewa lasisin ya kusa ƙarewa. Na gwada sabuntawa, ta ba ni lambar kuskure 0xC004F074. Na nemi mutumin, shafi ya ɓace, lambar da muka yi magana ba ta shiga.

Da na zauna na bi diddigi ne na gane ainihin abin da na saya, wato ban sayi komai ba. Microsoft tana da wani tsari da ake kira KMS, wanda ta yi wa manyan kamfanoni da makarantu da ma'aikatu masu kwamfutoci da yawa. Maimakon a bi kowace na'ura a sa mata nata mabuɗin, sai ƙungiyar ta kafa uwar garke guda a cikin gida, wato kwamfuta mai yi wa sauran hidima, kwamfutocin su riƙa zuwa wurinta suna karɓar izini. Izinin na kwana 180 ne kacal, kuma kowace kwamfuta tana komawa duk bayan kwana bakwai ta sabunta. Mabuɗan da ake sa wa irin waɗannan kwamfutoci ba sirri ba ne, Microsoft da kanta ta wallafa su a shafinta kowa na iya gani, don su kaɗai ba sa kunna komai sai da uwar garken. To ɗaya daga cikinsu mutumin ya kwafo ya sayar min. Layuka ukun nan kuwa, na farko ya shigar da mabuɗin, na biyu ya juya kwamfutar ƙanwata zuwa wata uwar garke ta bogi da ke wani wuri a duniya, na uku ya ce ta je can ta roƙi izini. Muddin uwar garken tana aiki, komai lafiya lau. Ranar da aka kashe ta aka fara ƙirga kwana 180, kuma kafin su cika mai sayarwa ya daɗe da sauya suna. Lambar nan 0xC004F074 ma'anarta ke nan: an nemi uwar garken KMS ba a same ta ba.

Ku lura da inda dabarar take. Damfarar tana rayuwa ne a kan tazarar da ke tsakanin ranar biya da ranar mutuwar mabuɗi. Duk yabon da ka gani a shafin irin waɗannan mutane a ranar farko aka rubuta shi, lokacin da rubutun ya ɓace kuma mai saye yana murna. Ba wanda ke komawa bayan wata takwas ya goge. Sannan a lokacin da abin zai bayyana, wa'adin da za ka iya kai ƙorafi a dawo maka da kuɗinka yawanci ya riga ya wuce.

Akwai wasu kuma da ba sa wahalar da kansu da uwar garke. Su mabuɗin MAK suke sayarwa, wanda shi ma na ƙungiyoyi ne, mabuɗi guda mai ƙayyadadden adadin kunnawa. Wani ya sato shi daga wurin aikinsa, ko ya zube a intanet, sai a yi ta yanka shi ana sayar wa mutane har adadin ya cika ko a toshe shi. Wannan yakan yi aiki sumul, sai ranar da ka sake ɗora Windows ka shigar da shi, ka ga 0xC004C020, wato adadin ya ƙare, ko 0xC004C003, wato an toshe mabuɗin. Idan mabuɗin mutum ɗaya ne aka sayar wa mutane da yawa, 0xC004C008 za ka gani. Wasu ma tsofaffin mabuɗan Windows 7 da 8 suke ɓamɓarowa daga jikin matattun kwamfutoci, alhali tun watan Satumbar 2023 Microsoft ta rufe ƙofar kunna Windows 10 da 11 da su. Mafi rashin imani a cikinsu shi ne mai ɗora maka Windows Enterprise na gwaji, nau'in da aka yi wa kamfanoni, wanda wa'adinsa kwana 90 ne, kuma idan ya ƙare kwamfutar za ta riƙa kashe kanta duk bayan awa guda.

Na san wani zai ce shi ya sayi mai arha shekara uku ke nan bai taɓa ganin matsala ba. Ban ƙaryata shi ba, ana dacewa. Amma cinikin biri a sama ne, kuma akwai hanyar da za ka sauko da birin ka duba shi cikin minti ɗaya.

Buɗe cmd ka rubuta slmgr /dli ka danna Enter. Wata 'yar taga za ta fito, a cikinta akwai layin da ke faɗin ta wace hanya lasisin ya zo. RETAIL shi ne wanda ake sayar wa mutum ɗaya, kuma ana iya ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa. OEM shi ne wanda kamfanin da ya ƙera na'urar ya haɗo ta da shi, yana nan manne da ita har ta mutu. Amma idan ka ga VOLUME_KMSCLIENT ko VOLUME_MAK a kwamfutarka ta gida, wadda ba wurin aiki ko makaranta ne suka ba ka ba, to an sayar maka da abin da mai sayarwar ba shi da ikon sayarwa. Sai ka ƙara da slmgr /xpr, wanda zai gaya maka ko kunnawar ta dindindin ce ko tana da ranar ƙarewa. Kada ka tsaya a wannan na biyun shi kaɗai, don MAK ma yakan nuna dindindin. Wanda ba ya son baƙar taga ya shiga Settings, ya nemi Activation, wanda a Windows 11 yana ƙarƙashin System, a Windows 10 kuma ƙarƙashin Update & Security. Idan jimlar da ke wurin ta ambaci "your organization's activation service", ka tambayi kanka wace ƙungiya ce kake ciki ba ka sani ba. Duk mai sayen kwamfuta ta hannu da aka ce masa tana da Windows na asali, ya yi wannan binciken a gaban mai ita tun kafin kuɗi ya bar hannunsa.

Yanzu ga inda abin ya fi muni, don asarar kuɗin mabuɗi ƙaramar asara ce. Mutum ya ga saƙon ƙarewar lasisi, ya rasa mai sayarwa, sai ya faɗa bincike yana neman mafita kyauta. Can zai tarar da manhajojin fasa lasisi irin su KMSPico, da bidiyoyi masu cewa ka liƙa layi ɗaya a PowerShell, wata tagar umarni irin cmd, komai ya warware. Kusan dukkansu sharaɗinsu guda: ka fara kashe manhajar tsaro. Ka kori maigadi da hannunka, ka kuma ba baƙon da ba ka sani ba cikakken iko a kan na'urarka. A watan Disambar 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya fallasa yadda ake cusa wata muguwar manhaja mai suna Cryptbot a cikin KMSPico na jabu. Tana kwashe kalmomin sirri da bayanan kati da aka adana a burauza, da asusun kuɗin kirifto. Abin da ya sa ba a saurin ganewa shi ne Windows ɗin yana kunnuwa da gaske, rubutun ya ɓace, kai kana murna ana yashe ka ta bayan gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai masu lambar waya. Kana cikin lilo a intanet sai shafi ya mamaye allon gaba ɗaya, da tambarin Windows, wani lokaci har da ƙara ko murya, wai lasisinka ya lalace, an kulle kwamfutar, kira wannan lamba yanzu. Ka riƙe wannan: saƙonnin kuskure na Windows na gaskiya ba sa ɗauke da lambar waya, kuma Microsoft ba ta kiran mutum haka siddan don ta gyara masa kwamfuta. Shafin intanet ne kawai da ya cika allo. Danne Esc na ɗan lokaci, ko ka danna Alt da F4, ko Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki ya fito ka rufe burauzar. Wanda ya kira kuwa, za a sa shi ya sauke manhajar shiga kwamfuta daga nesa kamar AnyDesk ko TeamViewer, waɗanda halastattun kayan aiki ne da ɓarayi suka mayar tsani. Daga nan sai a buɗe masa Event Viewer, inda Windows ke adana rahoton abin da ke faruwa a cikinsa, a nuna masa jajaye da rawayen alamomi, waɗanda kowace kwamfuta mai lafiya tana da su birjik, a ce duk cuta ce. Ƙarshen zancen, biya da katin kyauta ko kirifto, ko a ce ya shiga asusun bankinsa suna kallo. Idan har ka riga ka ba su hanya, cire intanet nan take, ka sauya kalmomin sirrinka daga wata na'urar daban, ka sanar da bankinka, sannan ka sake ɗora Windows daga tushe. Akwai wurin kai rahoto a microsoft.com/reportascam.

Tun da Windows 10 ya daina samun tallafin yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, wani sabon salon ya ƙaru, na masu cewa sai ka sayi mabuɗi kafin ka koma 11. Kwamfutar da ke da halastaccen lasisin 10 kuma ta cika sharuɗɗa kyauta take hawa 11. Wadda ba ta cika ba, misali ba ta da TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikin na'ura, babu mabuɗin da zai sa mata shi.

Abin da duk waɗannan mutane suke ci da shi tsoro ne, kuma tsoron na banza ne. Windows 10 ko 11 na gida da ba a kunna ba ba ya goge fayil, ba ya kulle ka a waje, sabuntawar tsaro ma a 11 tana ci gaba da zuwa. Rubutun nan ne a kusurwa, sai hana ka sauya hoton bango da launuka. Kana da lokacin da za ka zauna ka gano dalili, kuma sau da yawa dalilin ba ya buƙatar sayen komai. Wani lokaci agogo da kwanan watan kwamfutar ne suka karkace. Wani lokaci an sauya motherboard, wato babban faifan da sassan cikin na'urar ke haɗe a kansa, wajen gyara, sai lasisin da ke manne da tsohon ya kasa gane ta, ka ga 0xC004F211 ko 0xC004F213. Idan dama ka haɗa lasisin da asusunka na Microsoft, akwai Troubleshoot a shafin Activation, da zaɓin da ke cewa ka sauya wani sashe na na'urar kwanan nan. Idan kuma da gaske babu lasisi, 0x803F7001 ke nan, sai a saya a wurin Microsoft ko dillalin da ta amince da shi, a karɓi rasit.

Tamu matsalar kuwa, da na tono ta, kunya ta kama ni. Tun daga Windows 8 a 2012 manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suka daina liƙa mabuɗi a jikin na'ura, suka koma dasa shi a cikin BIOS, wato manhajar da ke dashe a cikin na'urar tun daga masana'anta. Laftof ɗin ƙanwata tana da nata mabuɗin a ciki tun daga masana'anta, na Home, wato nau'in Windows na amfanin gida. Wanda ya sayar mata da ita ne ya ɗora nau'in Pro a kai, ƙila don ta ƙara daraja a idon mai saye, kuma mabuɗin Home ba ya kunna Pro. Na kwashe mata fayilolinta, na sauko da Windows daga shafin Microsoft na sa a filasha, na goge komai na ɗora sabo. Ko tambayata mabuɗi bai yi ba, ya karanto na ciki ya zaɓi Home da kansa, ina haɗa intanet ya kunnu. Na tambaye ta ko akwai abin da ta rasa na Pro, ta ce ita ba ta ma san akwai iri biyu ba.

Makon jiya na sake cin karo da tallan, hoto iri ɗaya, alkawari iri ɗaya, har da kuskuren rubutun da ke layi na biyu, sunan shafin ne kawai ya sauya. Na kai ƙorafi ga masu dandalin, na kuma rubuta a ƙarƙashin tallan cewa duk wanda ya saya ya buga slmgr /dli ya dawo ya faɗa mana abin da ya gani. Ba a yi awa guda ba ya goge rubutun ya toshe ni.