Rainier ko St. Helens: wanne ya fi a rana ɗaya?

'Yar'uwa, kin ce rana ɗaya tak za ki samu a jihar Washinton ta Amurka cikin watan Yuli, kina son tafiyar ƙafa kusa da dutse mai aman wuta lokacin furanni, kuma kin rasa na zaɓa tsakanin Rainier da St. Helens. Ranar da za ki je ita za ta raba miki gardama.

In farkon Yuli ne, ki haƙura da Rainier. Wurin da ake kira Paradise a jikin dutsen yana kan tsayin kusan mita 1,650, kuma dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyinsa har cikin Yuli. Furanni ba sa cika sai ƙarshen watan zuwa tsakiyar Agusta. In kuwa kika dace da lokacin, sai kin rasa inda za ki ajiye ido. Hanyar Skyline zagaye ce ta kusan kilomita 9, da hawan mita 500 da 'yan kai. Shuɗin furen da ake kira lufin da wani jan fure mai kama da burushin fenti sukan lulluɓe gangaren, fararen furanni kuma na tsirowa dab da bakin ƙanƙarar da ke narkewa, a ƙasar da shekaranjiya take binne. Dutsen, mai tsayin mita 4,392, yana tsaye a gabanki fari fat. Jama'a kam akwai su, sai ki yi sammako don wurin ajiye mota. Don Allah kada ki sauka daga kan hanya, tsirran nan makonni kaɗan suke da su a shekara, takun ƙafa na kashe su.

St. Helens ya fashe ranar 18 ga Mayu, 1980, mutum 57 suka rasu, kusan mita 400 na tsayinsa suka tafi. Furanninsa kan riga na Paradise fitowa, tun ƙarshen Yuni. Ba su kai na can yawa ba, amma ƙananan lufin da ke kwance kan toka suna cikin tsirran farko da suka dawo bayan aman, domin saiwarsu na tara naitrojin, sinadarin da tsiro ke buƙata, a ƙasar da ba ta da taki ko kaɗan. Ni wannan ya fi taɓa min zuciya, kuma da ni ce mai farkon Yuli, nan zan nufa.

Inuwa ba ta da yawa a can, ki riƙe ruwa da hula. Zaftarewar ƙasa ta datse titin zuwa Johnston Ridge, wurin kallon dutsen, a 2023, saboda haka ki bincika halin titin kafin ki tashi. Hanyar Hummocks mai kusan kilomita 4, kusa da tafkin Coldwater, tana ratsa tsibin ƙasar da ta zube daga jikin dutsen a ranar da ya fashe.